Ganuwa a Huhun Saniya

Kafin ladanin Fagge ya yi kiran farko
na riga na zura takalman roba,
na ratsa jini da ruwa a kwata
da wuƙa, da tocila, da hatimi a aljihu.
Aikina duba abin da aka yanka
kafin ya isa tukunyar kowa.

Ilu ya kayar da farar saniya, sayen Wudil.
Ya ce ta ɗan yi tari a mota,
amma wace dabba ce ba ta tari a hanya?
Ya shimfiɗa mini huhun a kan siminti
da ɗuminsa, yana tururi.

Na shafa. Yatsa ya riga ido gani:
ƙullutai, wasu kamar ƙwayar gero,
wasu sun kai gurjiya,
guda ɗaya ya yi taurin busasshen goro.
Na sa wuƙa, ta yi ƙaras
kamar ta ci yashi.
Cikinsa rawaya-rawaya, yana marmashewa
kamar tsohon cuku.

Tarin fuka.
Ban furta ba tukuna. Na tsaya karatu,
don kowane ƙullutu labarin yaƙi ne.

Baƙuwar ta biyo numfashi ta shigo,
siririya, ta fi ƙarfin ido,
sanye da rigar kakin zuma.
Mai gadin farko ya tare ta ya haɗiye,
yadda ya saba yi wa kowace cuta.
Wannan ta ƙi narkewa.
Ta shimfiɗa tabarma a cikinsa
ta fara haihuwa.

Ya yi kururuwa, jini ya kawo ɗauki.
Suka kewaye wurin, sahu bayan sahu,
wasu suka narke cikin juna
suka zama ƙato guda mai kawuna da yawa.
Na taɓa ganinsa a madubin makaranta,
kawunan a zagaye
kamar yara a bakin akushi.

Da kisa ya gagara, sai suka koma gini.

Ni ɗan birni ne, na san ganuwa.
Kakanninmu sun ɗaga tasu
don maƙiyi ya kwana a waje.
Wannan kuwa da maƙiyi a ciki aka rufe ta,
ba Mazugal, ba Na'isa, ba ƙofa ko ɗaya,
kuma maginan sun san da 'yan'uwansu a tsakiya.
Cukun nan da ke bakin wuƙata
gawarwakinsu ne.

Shekara nawa ta yi tana kiwo
da kurkuku a ƙirji, ba wanda ya sani?
Tana ba da nono, tana lasar ɗan maraƙi,
har rani ya yi tsawo, ciyawa ta ƙare,
ƙarfi ya ja baya,
katanga ta tsage ta gefe guda.

Na tsaga kaluluwa, akwai.
Na juya hanta, akwai.
Haƙarƙari ya yi tsiro kamar an watsa duwatsun wuya.

Ilu ya ce, "Likita, a yanke wurin a yar,
saura ai nama ne.
Kuɗin mutum uku ne a jikinta."
Hannuna ya taɓa hatimi a aljihu,
ya fito babu komai.

Bai zage ni ba. Ya cire hula,
ya juya wajen kwatami ya yi tari,
irin mai fitowa daga ƙasan rijiya.
Sati na huɗu ke nan ina jin sa,
kuma rigarsa ta fara yi masa yawa.

Na juya takardar hana sayarwa,
a bayanta na rubuta: Asibitin Zana, gwajin kaki.
Ya karɓa ya ninke huɗu,
ya cusa inda yake cusa ciniki.
Ban sani ba ko zai je.

Gari ya waye, masu baro sun fara ihu.
Na wanke hannu har gwiwa, sau biyu.
Shekara goma sha tara ina shaƙar iskar nan.
Na ja numfashi a hankali, na riƙe,
ina sauraro,
ko zan ji motsin magina.